Amanar Da Ke Cikin Akwatin Mai Hoto

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya ƙagi halitta Ya suranta ta yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk inda aka ta da zancen hoto a majalisar ɗalibai, tambaya guda ce take fara fitowa, watau shin halal ne ko haram. An daɗe ana kai wa ana komowa a kanta, kuma yin ta ba laifi ba ne. Amma akwai wata tambaya a bayanta wadda ba a cika yi ba, alhali kuwa ita ce ta fi taɓa mutuncin gidajen mutane. Idan an ɗauki hoto an gama, an biya mai hoto ladan aikinsa, mai shi ya karɓi katinsa ya tafi, to, abin da ya saura a hannun mai hoto na wane ne? Kuma me Shari'a ta yarda ya yi da shi?

A fara da ta farkon a taƙaice. Hadisan da suka zo da narko a kan masu suranta abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim, babu mai musunsu. Saɓanin malamai yana wajen gane irin surar da ake nufi. Malaman mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce aka gada a ƙasashen nan, sun rarrabe al'amarin. Surar da suka haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki har tana da inuwa kamar gunki, kuma mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda aka zana a takarda ko a tufa kuwa, da yake ba ta da inuwa, sun ajiye ta tsakanin karhanci da barin abin da ya fi. Mai neman wannan bayani zai same shi a wurin zancen walima cikin Muhtasar na Halil da sharhin Shaihu Dardiri a kansa. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Abu Ɗalha, wanda ya keɓe zanen da ke jikin tufa.

Waɗannan malamai ba su riski kyamara ba, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Daguerre a birnin Faris. Da abin ya yaɗu a ƙasashen Musulmi, Shaihu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya kuma rasu a 1935, ya rubuta ɗan littafi a kan halaccinsa. Hujjarsa ita ce mai kyamara ba ya ƙera sura da hannunsa don ya yi gasa da halittar Allah. Inuwa ce kawai ya tsare, irin wadda mutum yake gani a madubi, sai dai ta madubi tana gushewa, wannan kuwa an ɗaure ta. Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ya bi wannan hanya a littafinsa na halal da haram wanda ya fito a 1960. A ɗaya gefen kuma Shaihu Abdul'aziz bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya tafi a kan hani, in ban da abin da larura ta kawo kamar fasfo da katin shaida. Kowa da madogararsa, kuma wanda ya ƙaurace wa hoto don tsantseni ba a zarginsa. Sai dai su kansu masu halattawar sun ɗaure halaccin da sharaɗi, cewa a dubi abin da aka ɗauka da abin da aka nufa da shi. Ta wannan ƙofa tambaya ta biyu ta shigo.

Labarin wani mai hoto na ƙasar Mali zai haskaka ta fiye da dogon bayani. Sunansa Saidu Keita, wanda ake rubutawa Seydou da Faransanci. An haife shi a Bamako wajen 1921, zamanin ƙasar tana hannun Faransa ana kiranta Sudan. Ɗan kafinta ne, shi ma ya koyi sana'ar gidansu. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal ya kawo masa ƙaramar kyamara ƙirar Kodak, daga nan zuciyarsa ta karkata. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a farfajiyar gida a unguwar Bamako-Kura, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Galibi da hasken rana yake aiki, kuma abin rufar gadonsa ne labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yakan ɗauki mutum, in ya yi kyau shi ke nan. Jama'a suka yi ta zuwa, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da samari, da matan aure cikin adonsu, da iyaye riƙe da jarirai. Kowa ya biya, a ba shi ɗan katin da bai fi tafin hannu biyu ba, ya kai gida ya rataya, ko ya aika wa dangi a ƙauye.

A 1962, bayan Mali ta sami 'yancin kai, gwamnati ta ɗauke shi aiki, ba da daɗewa ba ya rufe wurinsa, ya yi ritaya a 1977. Amma bai zubar da baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa ba, watau dodon hoto. Dubbai ya adana a gida, ba tare da ya rubuta sunayen masu su ba.

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka, aka rataya kaɗan daga cikin hotunansa, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya biyo sawu har Bamako, inda wani mai hoto mai suna Malick Sidibé ya dubi aikin ya gane hannun Keita. Aka ɗebi dodo fiye da 900 aka tafi da su Faris. A 1994 aka yi nunin aikinsa a can, sa'an nan aka shiga wanke hotunan manya-manya, wasu kusan tsayin mutum, ana sayar da guda a kan dubban daloli. Ya rasu a Faris a 2001. Jayayya kuma ta tashi tsakanin masu hulɗa da aikinsa a kan wanda ya mallaki dodon da wanda ya cancanci ya wanke su. A 2016 kuma aka yi masa babban nuni a Grand Palais.

Ba a kawo wannan labari don a tuhumi mamaci ba. Ya koma ga Ubangijinsa, kuma adalci ne a faɗi cewa aikinsa ya nuna baƙar fata cikin kamala da kwarjini, a zamanin da katunan 'yan mulkin mallaka suke nuna matan Afirka rabin jiki a waje don nishaɗin Turawa. Abin lura shi ne, a duk wannan jayayya an ji muryar dillalai da masu tara kayan fasaha da masu magana da yawun magada. Matar da ta ɗaura zanenta na Salla ta zauna gaban labulen nan a shekarun 1950 fa? Hoto ta saya don ɗakinta da danginta. Yau fuskarta tana rataye a bangon attajiran da ba su san sunanta ba, domin yawancin hotunan babu sunan masu su. Da an ce mata a ranar ga inda hoton zai kai, ko da za ta zauna?

A ma'aunin fiƙihu, abin da ke tsakanin mai hoto da wanda ya zo wurinsa ijara ce, watau an ɗauki gwani aya a kan aiki sananne da lada sananne. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta sanya yardar juna ginshiƙin ciniki, ayar farko a Suratul Ma'ida kuma ta umarci muminai da cika ƙulle-ƙullensu. To, me aka ƙulla? Ba a rubuta komai ba, amma malamai suna da ƙa'ida cewa abin da al'ada ta sani hukuncinsa ɗaya da abin da aka shardanta da baki. Al'adar da kowa ya sani kuwa ita ce mai hoto yana riƙe dodo ne domin in mai shi ya bukaci ƙari ya dawo a wanke masa. Iyakar iznin ke nan. Fim ɗin kansa dukiyar mai hoto ce, da kuɗinsa ya saya, kuma gwanintar da ta fito da hoton tasa ce. Amma fuskar da ke jiki ajiya ce aka bar masa, kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da amana ga masu ita.

Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa zai tuna cewa a mazhabar Malik masu sana'a suna lamunin abin da suka ɓuya da shi. Idan aka kai wa tela yadi, ko aka kai wa marini zane, ya shige da shi inda mai shi ba ya gani, sa'an nan abin ya salwanta, biya ya hau kansa sai in ya kawo shaida. An yi haka ne don maslahar jama'a, saboda mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a. Idan har Shari'a ta tsaya wa yadi haka, yaya ke nan ga surar matar mutum ko 'yarsa? Yadi in ya ɓace ana sayen wani. Har ila yau, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya faɗi magana sa'an nan ya waiwaya, maganar ta zama amana. Bai ce a ɓoye ba, waiwayen kawai ya isa alama. Matar da ta jira aka saki labulen ƙofa kafin ta sauke mayafinta ta yi abin da ya fi waiwaye.

Akwai hadisi guda da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya riƙe. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mace ta cuɗanya da wata mace sa'an nan ta je ta siffanta wa mijinta ita har ya zama kamar yana kallonta. Abin da aka hana a nan siffantawa ce da fatar baki, wadda kome ƙwarewar mai yin ta sai ta rage wani abu. Kyamara kuwa ba ta rage kome. Saboda haka mai shagon da ya zaɓi hoton amarya mafi kyau ya manna a allon ƙofar shagonsa don ya jawo ciniki, duk mai wucewa ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya yi abin da ya wuce wancan. Allon ƙofar shago ma mutanen unguwa ɗaya ke ganinsa. Yanzu allon ya koma Facebook da Instagram da TikTok, kuma abin da ya ci shekara arba'in kafin ya sami matan Bamako yana samun amaryar yau tun ba a watse daga wurin biki ba.

Galibi in an yi wa mai hoto magana sai ya ce ai ba wanda ya hana shi. Wannan ba hujja ba ce. Malaman usulu sun ce ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana, in ban da wuraren da Shari'a ta keɓe, kamar shirun budurwa idan waliyyinta ya nemi yardarta ga aure. Amaryar da ke lulluɓe cikin hayaniyar kamu ba ta ba da iznin kome ba don ta yi shiru. Iznin ɗauka kuma daban yake da iznin yaɗawa. Wanda ya yi hayar mai hoto ba shi da ikon ya ba da izni a madadin matan mutane da suka zo taya shi murna. Wannan duk bayan an tsallake wata matsalar ce, ta shigar namiji baligi tsakiyar taron mata da sunan aiki, alhali ayoyi na 27 da 30 da 31 a Suratun Nur ba su cire mai rataye da kyamara daga neman izni da runtse ido ba. Ga mata masu wannan sana'a sun samu, kuma su suka fi dacewa da irin wannan wuri. Wanda kuwa ya saki hoton da ya san zai zubar da mutuncin Musulma, ya ji tsoron aya ta 19 a wannan sura, mai narko ga masu son alfasha ta watsu cikin muminai.

A ɗan ratse nan, domin akwai wani abu a aikin Keita da yake jawo tambaya. Yakan ajiye kayan aro ga masu zuwa: kwat, agogo, tabarau, alƙalami, rediyo, babur, har da motarsa. Saurayin da bai mallaki keke ba sai ya dafa babur a ɗauke shi. Ko wannan ya shiga cikin hadisin Asma'u, wanda ya kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufafin ƙarya? Abin da ya fi kusa shi ne aron ado a kan kansa ba laifi ba ne. Buhari ya kawo cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da wata riga wadda matan Madina suke aikowa a ara musu idan za a yi musu kwalliyar aure. Inda kowa ya san kayan shago ne, ba a ruɗi kowa ba. Laifin yana farawa ne ranar da aka aika hoton gidan surukai don su zaci babur nasa ne. Haka nan gyaran da ake yi da kwamfuta. Share ƙura da daidaita haske gyaran aiki ne. Amma a mai da baƙa fara, a rage shekara goma, a aika wa mai neman aure, wannan algus ne, ɗan'uwan jiƙaƙƙen hatsin nan da aka ɓoye a ƙarƙashin busasshe a kasuwar Madina, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Mai hoton da ya san manufar ya yi aikin yana da kasonsa.

Duk abin da ya gabata a kan aikin kuɗi ne. Akwai kuma aikin da mai hoto yake yi don kansa, ba wanda ya sa shi, ba wanda zai biya shi. A nan ne ake gane inda zuciyarsa take, domin ba shi da uzurin cewa umartarsa aka yi. Wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa da yin surori yake ci da kansa. Ibn Abbas ya gaya masa narkon da ya ji daga Manzon Allah har mutumin ya razana, fuskarsa ta sauya. Amma bai kore shi daga sana'arsa ba, sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Wannan fili ne mai faɗi wanda mafi yawan malamai suka halatta, kuma alherin da ke cikinsa ba kaɗan ba ne. Wani hafsan sojan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, ya ɗauki hoton Madina a 1861, ya ɗauki na Makka a 1880. Ta irin waɗannan hotuna ne Musulmin yau yake ganin yadda Harami yake a da, da rumfunan limaman mazhabobi huɗu a kewayen Ka'aba, waɗanda aka kawar a ƙarni na ashirin. A Janairun 2013 an ƙone rubutattun littattafai masu yawa a cibiyar Ahmad Baba da ke Timbuktu. Littafin da aka riga aka ɗauki hoton shafukansa, ko wuta ta ci takardar, karatun yana nan. Gafakokin da gara take ci a zaurukan malaman Kano da Katsina da Damagaram suna jiran mai irin wannan himma, haka ma ragowar ganuwa da tsofaffin masallatan ƙasa da ake rushewa ana zuba siminti.

Amma idan aikin kansa ya zama bin titi yana farautar almajiri cikin tsumma, ko mahaukaci, ko mai jinya a gadon asibiti, don a yaba masa gwaninta a ƙasashen waje, sai ya tambayi kansa ko zai yarda a yi wa ɗansa ko mahaifinsa haka. Talauci ba ya zubar da haƙƙin mutum a kan fuskarsa. Yaro ƙarami kuwa ba shi da iznin bayarwa sai ta hannun waliyyinsa. Ayoyi na 11 da 12 a Suratul Hujurat, masu hana izgili da bin diddigin asirin mutane, ba su bambanta mai riga da mai tsumma ba. Wanda ya nufi nuna halin da mabukata suke ciki don a taimake su, niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai ya nemi yarda tukuna, ya kuma suturta abin da ya kamata a suturta.

Shi ma mai hoto yana da haƙƙinsa, kuma ana yawan danne shi. Rataya aikin mutum a ce ba a san mai shi ba, kamar yadda ya faru a 1991, tauye haƙƙi ne ko da ba da gangan ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a Shari'a, ba ya halatta a keta shi. Don haka mai kwasar hoton wani daga intanet, ya goge sunansa, ya buga a kalanda ya sayar, ya ci dukiyar ɗan'uwansa. Haka nan angon da aka kwana uku ana bin sa da kyamara, biki ya watse ya shiga wasan ɓuya da mai hoto.

Saura zancen mutuwa, wanda shi ne ya fi fitowa fili a labarin Bamako. Idan mai hoto ya rasu, kyamararsa da kwamfutarsa da shagonsa gado ne, a raba su yadda Allah Ya tsara. Haƙƙin hotunan da ya ɗauka na gine-gine da kasuwanni, da na mutanen da suka yarda a nuna su, shi ma yana bin magada. Amma hotunan iyalin mutane da aka bar masa ba su shiga rabo, kamar yadda kuɗin ajiya ba ya shiga. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa bai kamata Musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba, kuma malamai sun ce hakan yana zama wajibi ga wanda ake bi bashi ko yake riƙe da ajiyar da ba a sani ba. Mai hoto yana riƙe da ajiyar ɗaruruwan gidaje a cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba. Ya kamata tun yana da rai ya rubuta sunan mai kowane aiki, da wanda ya yarda a nuna nasa da wanda bai yarda ba, ya kuma bar wa magadansa umarnin abin da za a mayar wa masu shi da abin da za a goge. Magajin da ya tarar da akwati babu irin wannan bayani, ya nemi masu hotunan ko 'ya'yansu gwargwadon iko kafin ya buɗe shi ga mai saye. Allah ne Mafi sani.